Batirin sola: a Jamus lissafin riba ake yi, a Kano barcin dare ake nema

A Jamus, inda nake zaune, mutum zai jera faifan sola a rufin gidansa ya yi shekaru babu batiri ko ɗaya, kuma ba wanda zai ce ya yi wauta. Da rana gida ya sha abin da zai sha, rarar ta bi layin gari a biya shi kuɗinta. Da dare ya sayi wuta kamar kowa. Hukumar kula da layukan lantarkin ƙasar ta ce a shekarar 2023 lokacin da wuta ta ɗauke wa kowane gida, in an raba daidai, bai kai minti 13 ba. A shekara guda ke nan.

To me ya sa batiri ya zama abin magana a nan? Kuɗi ne. Dokar da suka kafa a 2000 ta tilasta a sayi wutar sola daga masu gidaje, har a 2004 ana biyan sama da santi 50 na Yuro kowane yunit. Yanzu sabon shiga wajen santi 8 yake samu, alhali in zai saya da dare sai ya biya fiye da 30. Duk yunit ɗin da ya adana ya sha da kansa ya fi masa wanda ya sayar. Ga shi tun farkon 2023 an cire harajin saye a kan faifai da batiri. Duk da haka ni ban ga abin gaggawa ba. A Disamba da Janairu rana leƙowa kawai take yi, batirin ba ya cika. Da zafi kuma daren gajere ne, babban batiri ba ya ƙarewa kafin gari ya waye. Ƙarami mai yunit 5 ya ishi yawancin iyali. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, da yawa daga cikin solar nan in wutar gari ta ɗauke su ma kashe kansu suke yi, sai in an ƙara na'ura ta musamman.

Abin da ke damuna shi ne ganin wannan lissafi yana isa gida ta waya. Ƙanina ya turo mini bidiyon wani Bature yana cewa batiri ɓarnar kuɗi ne, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ko mu ƙara faifai mu bar batirin?" Baturen bai yi ƙarya ba, amma da maƙwabtansa yake magana. Mai gida a Kano ba wanda ke sayen rarar wutarsa, kuma ba shi da layin da zai jingina da shi bayan magariba. Sola babu batiri a wajenmu ruwan sama ne babu randa. Madadinsa janareta ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda tankin ke cin aljihu. Masu rukunin A na wutar gari, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, an ɗaga musu yunit zuwa Naira 225 a Afrilun 2024. A Oktoban shekarar kuwa yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna.

Saboda haka a gida ba a tambayar ko a sa batiri. Ana tambayar wane iri, kuma mai girman me.

A nan ne ake yawan tafka asara. Batirin ruwa mai 200Ah ɗin nan, dogo mai 'yan sandunan duba ruwa a kansa, a takarda yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a ja in ana so ya daɗe. Guda biyu ke nan suna ba ka wajen yunit 2.4 na gaskiya. Fanka biyu su kwana suna juyawa sun cinye rabin wannan, firiji da ƙwayayen lantarki su raba sauran. A kunna na'urar sanyaya ɗaki, cikin awa uku an gama. Sai ka ji inbata ta fara kuka tsakar dare, fanka ta tsaya, yara su tashi cikin gumi. Ga zafi: irin wannan batiri ransa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, mu kuwa a Afrilu muna haura 40, kuma a sito marar taga ake kulle shi, a manta da ƙara masa ruwa.

Ni ra'ayina, wanda ke da hali ya daure ya sayi litiyom. Kuɗinsa na farko da ciwo, amma ana jan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, ba ya neman ruwa, kuma yana shekaru bayan na ruwa ya mutu an sake saye. Wanda ba shi da hali ya rage wa dare nauyi: a cika tanki da hantsi, a yi guga da azahar, firiza ta daskare da rana a kashe ta da isha'i. Wannan tsari kaɗai yana iya rage girman batirin da gida ke buƙata. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar faifai, don batirin da bai cika da rana ba ba ya kai asuba.

Mu da muke turo kuɗi daga waje muna da alhaki a nan. Hoton faifai goma a kan kwano yana faranta rai, amma Inna ba da rana take neman fanka ba. Kafin a biya mai haɗawa, a sa ya rubuta yunit nawa gidan ke sha daga magariba zuwa asuba, ya nuna batirin sabo a kwalinsa, ya kuma ba da takardar garanti mai sunan shagonsa.