Hayaƙin da Ya Daina Tashi a Unguwarmu

Akwai wani jerin shaguna a bakin hanyar da nake bi zuwa aiki, a unguwarmu da ke gefen birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ta wajen Sugar Land. Shekara tara ke nan ina wucewa ta gabansa safe da yamma. Lokacin da na tare, gidajen abinci biyar ne a jerin. Yau ma biyar ne, amma ba ko ɗaya daga cikin na farko. Inda ake soya kifi ya koma wurin shayi mai ƙanƙara na 'yan Taiwan. Mai sayar da fiza ya tashi, 'yan Yaman suka buɗe shagon gahawa da yake cika bayan sallar isha'i. Akwai 'yan Biyetnam da miyar taliyarsu, akwai 'yan Pakistan da shinkafarsu mai kayan ƙamshi. Wanda ya fi daɗewa kafin ya tashi shi ne wani dattijo baƙar fata da yake gasa nama a shagon ƙarshe, shi da matarsa. Bara ya rufe. Yanzu wani kamfanin soyayyar kaza ne a wurin, irin mai reshe a kowace mararraba.

Ban taɓa cin namansa ba, gara in faɗi wannan tun da wuri. A murhu ɗaya yake gasa naman sa da na alade, don haka ba wurina ba ne. Amma na san hayaƙinsa. In na fito sallar asuba nakan tarar da shi a bayan shagon yana ƙara itace a wani ƙaton murhu na baƙin ƙarfe, tsohon tankin gas ne aka yanka aka kwantar, wuta a wannan baki, bututun hayaƙi a wancan. Ya ɗaga mini hannu, in ɗaga masa. Ƙamshin nan na kitse da itace shi kaɗai ne a duk unguwar yake tuna mini da bakin titin gidanmu a Kano bayan magariba, lokacin da mai balangu ya kunna fitila. Da ya tafi sai unguwar ta koma ba ta da ƙamshin komai.

Maƙwabtana da suka daɗe a unguwar suna yawan kukan cewa baƙi sun canja musu wuri. Ba na tare da su a wannan kukan, domin ni ma cikin baƙin nake, kuma canjin ne ya sa na fara ɗanɗana abin da mutanen Texas suke tinƙaho da shi, wato naman da suke gasawa da hayaƙi. Wani saurayi da iyayensa suka zo daga Pakistan, shi kuma aka haife shi a nan, ya fara kawo motar sayar da abinci filin ajiye motocin jerin duk Asabar, naman halal zalla. Ranar da na fara zuwa, ya ɗauko ƙirjin sa guda daga cikin takarda, baƙi ƙirin kamar ya ƙone, ya ɗora a katako. Da wuƙa ta shiga sai tururi ya tashi, maiƙo yana bin katakon. Ya dube ni ya ce mai kitse nake so ko tsoka zalla. Kafin in amsa ya yanko ɗan gefe ya miƙo mini a bakin wuƙa.

Ɗanɗano! A Amurka! Ya naɗe mini a takarda mai ruwan ƙasa, ya sa ɗanyar albasa da yankakken burodi a gefe. Na tsaya riƙe da ƙunshin ina kallonsa, don wannan takarda ba ta da maraba da takardar buhun siminti da ake naɗe mana balangu a gida.

Bambanci akwai, kuma babba ne. Namu yana ganin wuta ido da ido. Tsire a jikin tsinke ake kafa shi kewaye da tukuba, ana juyawa, ana shafa man gyaɗa, an riga an turmuɗe shi da ƙuli-ƙuli. Nasu wuta ba ta taɓa shi ko kaɗan, hayaƙi da zafi ne kawai suke ratsa shi a hankali, awa 12 ko fiye, wani lokaci har 16. Gishiri da masoro ne kaɗai mahaɗinsa a tsakiyar Texas. Ba yaji, ba citta, ba kanumfari. Da farko bakina ya nemi yaji, har na zo da nawa a leda karo na biyu. Daga baya na gane hayaƙin ne yajinsu, kuma sun san itacensu kamar yadda mutanenmu suka san marke a wajen wuta mai daɗewa. Ƙirjin sa nama ne mai tauri da jijiya, wanda in ka yi masa gaggawa sai haƙori ya gaya maka. Daren da aka kwana ana tsaronsa shi ne yake narkar da jijiyar har ka iya gutsura da yatsa biyu.

Asalin abin ma da namu ya yi kama. Mahauta ne, Jamusawa da 'yan ƙasar Cek da suka yi ƙaura zuwa tsakiyar Texas a ƙarni na 19. Ba firiji, to naman da ya yi kwantai sai a sa masa hayaƙi kada ya lalace, dalili ɗaya da ya haifar da kilishi a wajenmu. Masu saye kuwa leburori ne, musamman masu tsinkar auduga, baƙaƙen fata da 'yan Meziko, su karɓa a takarda su ci da hannu a tsaye. A garin Lockhart akwai wani shagon nama, Kreuz Market, da ya faro tun 1900, ya yi shekaru masu yawa ba ya ba mutum cokali mai yatsu, ba ya ba da miya. Baƙaƙen fatar gabashin jihar su ma suna da nasu salon, mai miya, wanda ba ya rabuwa da bikin 19 ga Yuni, ranar da labarin 'yanta bayi ya isa Galveston a 1865. Dattijon unguwarmu daga wannan layin ya fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan suka ɗauki mai gasa nama suka ɗora shi a kan kujera. A 1999 majalisar wakilan jihar ta zartar da ƙuduri tana kiran Lockhart babban birnin gashin nama na Texas. Mujallar Texas Monthly tun 2013 take da edita wanda ba shi da wani aiki sai yawo gari-gari yana cin gasasshen nama yana rubutu, sunansa Daniel Vaughn, kuma duk bayan 'yan shekaru mujallar tana fitar da jerin wurare 50 da suka fi, mutane su yi ta gardama a kai kamar gardamar ƙwallo. Aaron Franklin ya fara da 'yar tirela a Austin a 2009, zuwa 2015 ya karɓi lambar James Beard, wadda manyan masu girki suke mafarkin samu. Shugaba Obama da kansa ya je shagonsa a 2014. Akwai wata tsohuwa, Tootsie Tomanetz, haihuwar 1935, wadda ta yi shekaru tana aikin kula da harabar makaranta a ranakun mako, ranar Asabar kuma ta tashi cikin dare ta hura wuta a gidan gashin nama na Snow's da ke ƙauyen Lexington. Sau biyu, 2008 da 2017, mujallar ta ce wurin ya fi ko'ina a jihar. Mutane suna tuƙin awa uku don su ci namanta su ɗauki hoto da ita. Da littafin Michelin, mai ba fitattun gidajen abinci na duniya tauraron yabo, ya shigo Texas a 2024, gidajen gashin nama huɗu suka sami tauraro, ɗaya daga ciki CorkScrew, yana Spring, unguwar gefen Houston irin tamu.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa juna gaskiya. Wane mai tsire muka taɓa yi wa haka? Muna da Sarkin Fawa a kowane gari, muna da kalangu da asalinsa kiɗan mahauta ne, amma kowa ya san irin kallon da ake yi wa Barunje in ya zo neman aure wani gidan. Za mu ci namansa mu lashe yatsa, mu aika masa baƙonmu na alfarma, sannan mu ce 'yarmu ta fi ƙarfin ɗansa. Kilishin unguwar Agadasawa ta Kano ya shiga jakar matafiya zuwa ƙasashe da yawa, amma ba ka jin sunan hannun da ya feɗe naman ya zama kamar takarda, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, ya gasa. Wannan ilimi ne, bai gaza na Franklin ba. Ni a ganina ma ya fi wuya, domin mai kilishi da rana da iska da ƙuda yake kokawa, ba shi da ma'aunin zafi sai tafin hannunsa.

Sakamakon wannan raini ina ganinsa a nan Houston, inda 'yan Najeriya suke da yawa ƙwarai. Ka bi titin Bissonnet ta wajen Alief, za ka ga allunan gidajen abinci an rubuta suya. Turawa sun fara sanin kalmar, har ana sayar da yajinta a kwalba. 'Yan'uwanmu na kudu ne suka kawo, suka zuba jari, suka tallata, kuma Allah ya sa musu albarka, ba su ƙwace daga hannun kowa ba. Amma da wuya ka ji an ambaci Bahaushe, ballantana tsire ko balangu. Yawancin abin da na ci ma a tanda aka gasa shi ko a kan gas, an barbaɗa yaji a sama, ƙuli-ƙulin bai kama jikin naman ba. Namu samarin da suka zo karatu suka zauna, kowa injiniya ko ma'aikacin asibiti, kuma na tabbata akwai 'ya'yan mahauta a cikinsu da suka iya wuƙa tun suna yara. Ba wanda zai yarda a ji a gida cewa nama yake gasawa a Amurka. Saurayin nan ɗan Pakistan kuwa digiri gare shi, mahaifiyarsa ce take karɓar kuɗi a tagar motar, fuskarta cike da fara'a.

Sai dai darajar da Texas ta ba naman ta zo da nata ciwon, kuma shi ne ya tashi dattijon unguwarmu. Da abin ya zama na mujalla da talabijin, sai ya bar hannun lebura. A wuraren da suka yi suna yanzu laba ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba, tana kai dala 30 ko fiye, bayan ka yi awa biyu ko uku a layi. Wane mai aikin gini ne yake da awa uku da tsakar rana? Ba duka laifin masu gashin ba ne. Fari ya sa makiyaya sun rage garke, har a farkon 2024 yawan shanun Amurka ya sauko zuwa kusan miliyan 87, mafi ƙaranci tun 1951. Ga shi ƙirjin sa, in an gyare kitse an gasa, kusan rabin nauyinsa ne yake tafiya. Mai suna zai ƙara kuɗi, layi ba zai ragu ba. Dattijon da masu sayensa direbobi ne da masu yankan ciyawa, in ya ƙara dala biyu sai su koma wajen kaza. Ga kuɗin haya yana hawa duk sabunta yarjejeniya. Kamfanin kaza yana da rassa dubu da za su ɗauke wa reshe ɗaya nauyi, shi kuwa murhu ɗaya ne da shi da gwiwoyi biyu da suka gaji.

A nan ne namu ya fi nasu, kuma ina so mu san ya fi tun kafin mu rasa shi. Nama ya yi tsada a gida, ban musa ba, amma har yanzu mai tura baro yana iya tsayawa a tukuba ya ce a yanka masa na abin da ke aljihunsa, a yanka, a sa masa albasa da yaji daidai da na Alhajin da ya tsaya da mota. Ba wanda zai ce masa sai laba guda. Mai nama ba ya biyan hayar shago mai gilashi, teburinsa da fitilarsa ne jarinsa. Amma na ga Zoo Road a zuwana Kano na ƙarshe, shagunan shawarma da fiza da kaza sun jeru da fitilu masu launi, yaran 'yan'uwana can suke roƙon a kai su. Na ga kuma wuraren shaƙatawa a Abuja inda ake kawo tsire a faranti da kuɗin da zai sayi rabin akuya a ƙauye, mai gashin kuwa yana can baya cikin hayaƙi, albashi ake biyansa, ba wanda ya san fuskarsa. Wannan shi ne ɗaukar tsadar Texas a bar darajarta, kuma shi nake tsoro.

A wannan zuwan na je wajen mai balangun layinmu, wanda nake saye a hannunsa tun ina makarantar sakandare. Gemunsa ya yi fari fat. Ya gane ni tun daga nesa.

"Alhaji, an dawo? Ya mutanen Amurka?"

"Suna gaishe ka, Baba. A yanka mini na tozo, a haɗa da haƙarƙari."

Yana yanka ina kallon hannunsa, duk tabon wuta da na wuƙa. Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba cikin shekara ashirin da wani abu, wato wa ya koya masa. Ya dakata da wuƙar, ya dube ni kamar yana auna ko da gaske nake. Ya ce mahaifinsa, shi kuma a wajen nasa mahaifin ya koya, tun ana yanka a tsohuwar mayanka. Na ce 'ya'yansa fa? Ya ce babban yana tuƙa Adaidaita Sahu, na biyun yana gyaran waya a Farm Centre, ƙaramin ne yake ɗan zuwa ya taya shi in an tashi daga makaranta, shi ma ba ya so abokansa su gan shi.

Ya tura yankakken naman kan takarda, ya watsa albasa, ya ɗebi yaji da yatsu uku. Sannan ya yanko wani ɗan gefe mai kitse ya miƙo mini a bakin wuƙa.