Bargo a Ingila, iska a Kano: raya kifin gilashi idan an ɗauke wuta

A nan Ingila, idan ka tambayi mai shagon kifin ado abin da za ka yi in wuta ta ɗauke, zai fara ce maka ka lulluɓe akwatin gilashin da bargo. Yana da gaskiyarsa. Wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba, in kuwa ta ɗauke to galibi guguwar lokacin sanyi ce ta kayar da turaku, kamar guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 da ta bar wasu gidaje a arewacin Ingila da Sikotilan sama da mako guda cikin duhu. A irin wannan hali ɗumin ɗaki ya tafi, hitar akwati ta mutu, ruwan da kifi ya saba da shi a digiri 25 ya dinga gangarowa. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan shawara ke isa gida ba a tace ta ba. Wanda ya rufe akwatin kifinsa da bargo a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, shi ya shaƙe kifin da hannunsa.

Bambancin bai tsaya ga yanayi ba. A wurinsu ɗaukewar wuta tsautsayi ne na shekara-shekara, a wurinmu kuwa abin yau da gobe ne. Ko masu layin Band A, da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, wato akwai awa huɗu da ba wanda ya lamunce musu. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako ba wuta. Saboda haka ra'ayina shi ne mai kifi a gida ya daina tambayar yadda zai ceci kifinsa ranar da aka ɗauke wuta. Ya haɗa akwatin tun farko ta yadda kifin ba zai ma san an ɗauke ba.

Abin da ke fara kashe kifi rashin iska ne. Iskar oksijin ta saman ruwa take shiga, kuma tana shiga da sauri ne idan saman yana motsi. Kumfar da kake gani tana tashi daga ƙasa, babban aikinta shi ne ta kaɗa saman ruwan ta kuma juyo da na ƙasa sama. Da famfon iska mai fitar da kumfar ya tsaya, ruwa ya kwanta, sai kifi da ƙwayoyin bakteriya su shiga cin abin da ya rage. Ga inda zafinmu ke cutarwa: ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 abin ya sauko kusan 7.5, a 35 bai wuce 7 ba. Jikin kifi kuma yana ƙara gudu da zafi, buƙatarsa ta iska takan kusa ninkawa idan aka ƙara digiri goma. Tuwo ya ragu, cikin masu ci ya ƙaru. Shi ya sa akwatin da zai iya kwana lafiya ba famfo a ɗaki mai sanyi a Manchesta zai iya zama makabarta cikin 'yan awanni a ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato.

Alamar ba ta ɓuya. Kifayen za su taru a sama, baki a buɗe a fuskar ruwa, suna zuƙa da sauri-sauri kamar wanda ya sha gudu. Manyan su ne ke fara galabaita. In ka ga haka kuma ba ka da wata na'ura, ɗauki moɗa mai tsabta wadda ba ta taɓa sabulu ba, ka ɗebi ruwan akwatin ka tsiyayo shi daga tsayin taƙi ɗaya ko biyu, kamar mai shayi yana fifita shayi tsakanin kofi biyu. Ka yi na minti biyu zuwa uku, ka maimaita duk bayan minti ashirin ko talatin. Yana aiki, amma ba mai iya yin sa har asuba kullum.

Maganin ba shi da tsada: ƙaramin famfon iska mai wayar USB, irin ta cajin waya. Yawancinsu wat ɗaya suke ci ko ƙasa da haka. Fawa bank mai 10,000 mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 37, in ka cire abin da ke salwanta wajen juya wutar, zai riƙe irin wannan famfo fiye da kwana guda. Gwada shi tun da wuta, domin wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu idan abin da aka jona musu bai ja wuta sosai ba, sai ka wayi gari ka tarar famfo ya yi shiru tun tsakar dare. Wanda ya fi wannan shi ne famfo mai batir a cikinsa, wanda ke caji da wutar gida, ya koma kan batir da kansa da zarar an ɗauke. Ga mai fita aiki tun safe, wannan ne ya dace, tunda ba sai wani ya danna komai ba. Mai sola ko inbata a gida kuwa, ya jona famfon iska a layin da ba ya mutuwa, abin da zai ci bai kai na ƙwan fitila ɗaya ba.

Akwai wani ƙaramin abu da yakan jiƙa wa mutane ɗaki. Idan famfon iska yana ƙasa da bakin ruwa, a cikin durowa misali, to da wuta ta ɗauke ruwa yana iya biyo siririn tiyon ya dawo baya, ya cika famfon, ya ci gaba da tsiyaya a ƙasa kusa da soket. Ko dai ka ɗora famfon sama da akwatin, ko ka sa ɗan bawul mai hanya ɗaya a tsakiyar tiyon, kan kibiyarsa na kallon akwati.

Sai matatar ruwa, wato na'urar tace ruwan akwati, inda na fi ganin kwaikwayon Turawa na yi mana ɓarna. Aikin matatar ya wuce tare datti. A cikin sosonta da duwatsunta akwai bakteriya masu mayar da amoniya, gubar da ke fita daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci, zuwa abin da bai da illa sosai. Su ma iska suke shaƙa. Babbar matatar nan mai kamar tulu, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin akwati a rufe ruf, ita ce abin yayi a nan Ingila, kuma tana da kyau inda wuta ba ta yankewa. Amma in ta tsaya na wasu awanni, iskar cikinta ta ƙare, bakteriyan su fara mutuwa, ruwan ciki ya ruɓe. Ana kawo wuta sai ta tashi ta kwarara wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Mutane da yawa sun yi asarar kifi bayan dawowar wuta, suna mamaki. Idan irinta gare ka kuma wuta ta wuce awa biyu ko uku, zare filoginta, buɗe ta, kwashe soson da duwatsun ka zuba a jakar raga ka tsoma cikin akwati kusa da kumfa. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da ruwan cikinta gaba ɗaya kafin ka sake kunnawa.

Ga ɗan gida, shawarata ita ce ya bar ta a shago ya sayi matatar soso, wadda iska ke tuƙawa. Dunƙulen soso ne da bututu a tsakiya, a zaune cikin ruwa. Famfon nan ɗaya mai batir shi zai ba kifi iska, shi zai raya bakteriya. Turawa suna raina ta saboda ba ta da kyan gani, sun fi sa ta a akwatin 'ya'yan kifi. A wurinmu ita ce ta fi kowace.

Kada ka ba su abinci yayin da komai ke tsaye. Tausayi ne ke sa mutum ya barbaɗa, amma narkar da abinci yana ƙara cin iska, abin da ya fita kuma amoniya ne, ga shi gubarta na ƙara ƙarfi a ruwa mai ɗumi. Baligin kifi mai lafiya yana iya kwana uku zuwa biyar ba ci ba tare da wata illa ba. Ganyen ruwa ma kada ka dogara da su: da haske suna ba da oksijin, cikin duhu su ma ci suke yi. Kifin da ya mutu a tsame shi nan take.

Wajen sanyaya ruwa, dabarar randa ce. Cire marfin akwatin, ka rufe da raga idan kifinka mai tsalle ne, ka sa fanka mai caji ta dinga busa saman ruwan. Tururin da ke tashi yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskar bazara wannan kaɗai yana iya sauke digiri biyu ko uku. Jiƙaƙƙen tawul a jikin gilashi yana taimakawa. In ka samu ƙanƙara, sa ta cikin gora a rufe ta yi iyo, kada ka zuba ta tsirara, kada kuma ruwan ya sauko fiye da digiri ɗaya ko biyu a awa. Tun farko ma a nisanta akwati daga taga da bangon da rana ke duka da yamma.

Canjin ruwa yana rage guba, amma a gida yana da tarko. Ranar da ba wuta, bohal ma ba ya turo ruwa, don haka ka ajiye jarka mai lita 25 ɗaya ko biyu a ɗakin da akwatin yake, zafinsu ya zama ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwan tankin sama da ya sha rana yana iya yin zafin da zai kashe kifi. Wanda ya fito daga bohal yanzu-yanzu kuma iskarsa kaɗan ce, sai ya kwana a buɗe ko an kaɗa shi. Ruwan famfo na gwamnati, can da nan, yana buƙatar maganin cire kulorin. Kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ya isa a canza a lokaci guda.

Bargo yana da ranarsa a gida ma: daren hunturu a Disamba da Janairu, balle a Jos. A nan dabarar Turawa daidai take. A nannaɗe gefuna huɗu, a bar kafa a sama don iska, a sa gorar ruwan ɗumi a rufe ta yi iyo. Abin da ba za a yi ba shi ne jona hita a ƙaramin batir. Ƙa'idar da aka saba ita ce wat ɗaya ga kowace lita, wato akwati mai lita 100 hitarsa wat 100 ce. Ƙarfin da zai riƙe famfon iska kwana guda, hita za ta lashe shi cikin kusan kwata na awa. Kifi yana jure sanyin da ya sauko a hankali fiye da yadda yake jure rashin iska.

Zaɓin kifi shi ne rabin aikin. Jan kifin nan mai ruwan zinari da ya cika shaguna kifin ruwan sanyi ne, mai yawan kashi, mai son iska, kuma shi ake cusawa cikin kwalbar gilashi mai ƙaramin baki. Wannan zalunci ne ko da wuta. Masu kiwon tarwaɗa sun san dalilin da ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe wani kifin: tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, kamar yadda gaiwa ke da huhu. A cikin kifin ado, beta da gurami suna da irin wannan baiwa, gofi kuma mai juriya ne. A zaɓi akwati mai faɗi maimakon dogo siriri, domin faɗin saman ruwa shi ne hancinsa, a zuba rabin kifin da mai shago ya ce zai ɗauka.

Mu da ke zaune waje ma akwai abin da ya kamata mu riƙe daga gida. Mutanen Teksas ta Amurka a Fabrairun 2021, da na Sifen da Fotugal a ranar 28 ga Afrilun 2025, sun ga cewa wutar da ba ta ɗaukewa ma tana ɗaukewa, kuma ranar shago ba ya buɗe balle ka sayi famfo. Wanda ya tashi yana cajin tocila tun da rana bai kamata ya manta wannan tarbiyya ba don ya ƙetare teku. Janareto kuwa, ko ina kake, waje ake ajiye shi nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci, famfon iska kuma duk abin da ke ɗakin shi yake turawa cikin ruwa.

Idan an kawo wuta, kada ka yi gaggawar jona komai. A gida takan dawo da ƙarfi ta ƙona famfo, don haka a bar ta ta zauna na 'yan mintuna, ko a bi ta sitabilaiza. Hitar da ruwa ya ja ya bar ta a waje tana iya fashewa, a duba tana nutse kafin a kunna. Mako guda bayan doguwar ɗaukewa, a rage abinci zuwa rabi, a auna amoniya kullum idan akwai ma'auni, a canza ruwa kaɗan-kaɗan. A kuma dinga duba jikin kifin da tocila: fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri sukan fito kwanaki bayan kifi ya sha sanyi, kuma a ranar farko da aka gan su ake fara magani.