Atamfar da fumfuna ta cinye min a Agege

Shekarata ta farko a Agege ta Legas, cikin watan Yuni, na buɗe akwatin lefena zan ɗauko atamfar da zan kai wa tela. Tun kafin in gama ɗaga murfin wari ya buge ni. Turmi huɗu na sama duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, shaddar maigida da aka sa wa sitaci aka goge tun a Kano ta yi fumfuna a kan kowane ninki. Can ƙasan akwatin akwai wata atamfa mai arha, irin wadda muke kira roba, wadda ko kallon arziki ban taɓa yi mata ba. Ita kaɗai ta fito lafiya, kaɗe ta kawai na yi.

Na kira Hajiya ina hawaye. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki sa kafur ba ne?" Na ce, "Wallahi Hajiya na sa, har ƙwaya shida." Ta yi shiru, don ita tana da zannuwa a adaka da suka girme ni, ko ɗigo babu a jikinsu. Daga baya na gane ba laifin kafur ba ne. Iskar garuruwan biyu ce ba ɗaya ba. A Kano idan hunturu ya kama, laimar da ke cikin iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, har leɓe ya tsage. A Legas da damina tana wuce kashi 80, kuma ta zauna haka mako da mako. Auduga kuwa mai shan ruwa ce, ko ba a jiƙa ta ba tana zuƙar danshi daga iska har kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta. Zaren foliyesta, wato robar nan, ko rabin kashi ɗaya ba ya sha. Sannan auduga tsiro ce, abinci ce ga fumfuna, sitacin rogon da muke lafta mata kuma miya ce a kan tuwo. Roba daga man fetur aka yi ta, danginsu ɗaya da gorar ruwan da muke sha mu yar, babu abin da fumfuna za ta ci a jikinta.

Wani zai zaci daga ranar na koma roba. Ban koma ba, kuma ina ganin mu mazauna Legas mun fi 'yan uwanmu na gida bukatar auduga a jikin fata.

Zafin Kano a watan Afrilu yana kai digiri 40, amma busasshe ne, gumi yana fitowa iska na ɗauke shi. A nan da wuya ya kai haka, sai dai gumin ba shi da wurin zuwa. Duk macen da ta taɓa zama a cikin danfo, gosulo ya riƙe su a Oshodi, tana sanye da dogon hijabin roba har ƙasa, ta san abin da nake nufi. Zufa na gangarowa ta tsakiyar baya, yadin ya manne, kamar an ɗaure mutum a leda an ajiye a rana. Diyata ta sha fama da ƙurajen zafi a wuya da hammata, muna ta sayen hoda, har sai da na riƙa sa mata shimi ta auduga a ƙarƙashin kayan makaranta sannan suka lafa. Ga kuma wari. Roba ba ta shan ruwa amma tana riƙe maiƙon jiki, shi ya sa za a wanke riga tas, da an sa ta jiki ya ɗumama ta sai tsamin ya dawo.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wuta. Auduga ma tana ci, da sauri ma, kuma mayafi mai lilo a gaban gas haɗari ne ko da me aka saƙa shi. Amma auduga toka take zama. Roba idan zafi ya kai wajen digiri 250 narkewa take ta liƙe wa fata, ta ci gaba da ƙona naman mutum bayan an kashe wutar. Idan na wuce ta wajen masu suya da masu shayi da yamma na ga samarinmu a gaban garwashi da rigar ƙwallo, gabana faɗuwa yake. Na taɓa tsayawa na ce wa wani, "Ɗan ƙanena, don Allah idan za ka tsaya gaban wuta ka nemi rigar auduga." Ya ce, "To Anti, na gode," ban sani ba ko ya ji.

Duk da haka na daina raina ta yadda aka koya mana a gida. Gidan sauron da 'ya'yana ke kwana a ciki roba ne, haka lema da rigar ruwa da labulen ɗakina. Yaron da ke dako a kasuwar Mile 12, mai riga biyu rak, yana bukatar wadda zai wanke da dare ta bushe kafin asuba. Rigar auduga a Yuni sai ta kwana biyu a igiya tana ɗiga. Ba ni da bakin ce masa zaɓinsa bai yi ba.

Wanda nake da magana da shi shi ne mai sayar da roba da sunan auduga. A Kantin Kwari ina da waɗanda na sani, tun ina bin Hajiya a baya, idan suka ce min kaya kaza ne na yarda. A kasuwar Balogun ta Legas baƙuwa ce ni, kuma sau biyu ana yi min rantsuwa a kan turmin da ya koma sheƙi kamar leda da na ɗora masa dutsen guga. Wani tsohon tela Bakatsine a unguwarmu ne ya cece ni. Ya zaro zare biyu daga bakin yadin, ya kyasta ashana, ya ce, "Matso ki gani, 'yata." Zaren ya nannaɗe yana gudun wutar, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani ɗan dunƙule mai tauri da ya ƙi murjewa a yatsa. Ya sake zaro na wata shadda, wannan ya ci bal, ya yi warin takarda, tokarsa ta watse da ya hura. Ya ce ulu da siliki na gaskiya warin ƙonannen gashi suke yi. Ya kuma ja min kunne a kan biskos, wanda ake ɗinka abaya da dogayen riguna da shi: daga itace ake sarrafa shi, yana da sanyi a jiki, amma idan ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake, don haka ba a murɗa shi wajen matsa. Auduga kuwa jiƙa ƙara mata ƙarfi take yi.

Sai a 1941 aka ƙirƙiro foliyesta a Ingila, yau ga shi ya haura rabin zaren da duniya ke samarwa. Mu kuma da muke da audugar Funtuwa da Gusau, da karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, da masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, mun wayi gari muna gwada yadi da ashana don mu san ko akwai auduga a ciki. Kawuna ya yi aiki a masaƙun Kakuri har aka rufe, bai sake samun aiki mai albashi ba. Makwabciyata Bayarabiya ta nuna min adiren mahaifiyarta na Abekuta, auduga ce rinanniya da shuni, da na shinshina sai na ji ƙamshin marinar gida. Ta ce su ma kukansu ke nan, an kwafi zanen adire an buga a kan roba daga waje ana sayarwa a araha. Siliki mai ruwan ƙasa da suke kira sanyan a saƙarsu ta aso-oke, shi ne namu na tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi. Mu da su kuma cuta ɗaya ke cin mu, su aso-ebi mu anko: kowane biki sai an fitar da sabon yadi, dole ya zama mai arha don kowa ya iya saya, a sa shi wuni ɗaya a jefa a lungu. Da za a ji tawa, da an rage ankon nan, mace ta tara kuɗin uku ta sayi turmi ɗaya na kirki.

Yanzu na sauya duk yadda na tashi na ga ana adana kaya. Ba na sa wa shadda sitaci sai ana jibi za a sa ta. Akwatunana suna kan katako, nesa da bango, kuma babu abin da nake ƙullewa a leda. Duk ranar da rana ta leƙo da damina, ko aiki ya yi min yawa, sai na baza kayan sun sha iska. Atamfa da ruwan sanyi da sabulu mai laushi nake wanke ta, in juya bayanta kafin in shanya don kada ta koɗe, idan ta ƙi bushewa in kunna mata fanka, sannan in bi ta da guga mai zafi ya kori sauran danshin kafin in ninke. Roba kuwa wutar gugar can ƙasa nake mayarwa, in shimfiɗa ƙyalle a kai.

Cikin turamen nan huɗu, biyu sun dawo bayan na goga musu lemon tsami da gishiri na baza a rana. Biyu sun ƙi, na yanke inda ya tsira na yi zanin goyo. Manyan zannuwana guda uku da nake so in bar wa diyata, da Babbar Sallah na kai su Kano da hannuna, Hajiya ta buɗe adakarta ta sa su a ƙarƙashin nata.