Garkuwar da ta yi wata huɗu ta mutu

Tunda Trump ya fara maganar garkuwarsa ta Golden Dome, wato tsarin kakkaɓo makamai masu linzami kafin su faɗa wa Amurka, a 2025, da kuɗin da ya ce za ta ci, dala biliyan 175, nake tuna Nekoma, wani ƙauye a jihar Dakota ta Arewa. Amurka ta taɓa gwada wannan abu a can, kuma ba ta ji da daɗi ba.

A 1972 shugaban Amurka Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Brezhnev suka sa hannu a yarjejeniyar ABM, ta taƙaita garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami, a Mosko. Daga baya, a 1974, aka ce kowa wuri ɗaya tak zai kare, da makaman kakkaɓo 100. Sobiyet ta zaɓi babban birninta. Amurka kuwa ta bar biranenta, ta zaɓi ramukan da ta binne makamanta masu linzami na Minuteman kusa da Grand Forks. Aka gina tashar Safeguard a Nekoma, aka jera makaman kakkaɓo samfurin Spartan 30 da Sprint 70, su ma kowanne ɗauke da kan nukiliya. Wato za ka fasa bam a sararin samaniyar ƙasarka don ka tare bam ɗin abokin gaba. Ranar 1 ga Oktoban 1975 tashar ta kammala fara aiki, washegari Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'ar rufe ta. Zuwa Fabrairun 1976 an kulle ƙofa. A 2012 aka sayar da wurin kan dala 530,000.

Gaskiya hujjar masu goyon bayan kare ramukan makamai ba shirme ba ce. Kare birni sai ka tare kowane makami, guda ɗaya ya kuɓuce an gama. Kare rami kuwa, ko kaɗan suka tsira za ka iya ramuwa, shi ke nan maƙiyi zai yi shakkar fara kai hari. Na yarda da wannan.

Inda na rabu da su shi ne lissafi. Tun lokacin da aka iya ɗora kawunan nukiliya da yawa a kan makami ɗaya, a haɗa da na bogi don ruɗa na'urar rada, mai kai hari ne ke da araha. Ka ƙara makaman kakkaɓo goma, ya ƙara kawuna ashirin da kuɗin da bai kai naka ba. Zuba ruwa ne a kwando. Kuma radar ita kanta gini ne da ba ya motsi, ita za a fara makantarwa.

Yau Amurka na da Minuteman 400 a ramuka, kowa ya san inda suke, tauraron ɗan'adam na kallonsu. Amma tana da jiragen ƙarƙashin teku 14 na ajin Ohio masu ɗauke da makaman nukiliya da ba wanda ya san inda suke yawo. Su ne ainihin abin da ke hana a taɓa ta. To, me ya sa za a sake narkar da biliyoyi wajen gina wata garkuwar? Tun da Shugaba Bush ya fice daga yarjejeniyar ABM a 2002, Rasha da Sin amsa ɗaya suke bayarwa: ƙarin makamai da sababbin hanyoyin kauce wa garkuwa.