Ka sauke bidiyon, amma kar ka goge sunan mai shi

Ƙanwata tela ce, tana aure a wani ƙauye da sabis ba ya kamawa sai an hau tudun bayan makarantar firamare. Duk ranar da ta shigo birni, tun ba ta cire mayafi ba take zaro waya ta fara sauke bidiyoyin wata mata mai koyar da yankan riga. Idan ta koma gida sai ta jingine wayar a jikin keken ɗinki, ta kalla, ta tsayar, ta ɗauki awo, ta sake mayar da shi baya. Bidiyo ɗaya sai ta kalle shi sau goma. Duk wanda ya ce ta yi laifi, bai san halin da talaka yake ciki da data ba, musamman tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data.

Ita kanta doka ba ta hana wannan ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar ƙofa ga wanda zai yi amfani da aikin wani don amfanin kansa ko don karatu, matuƙar bai wuce gona da iri ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke biyo bayan saukewar.

Mu duba yadda mai bidiyo yake samun na cefane. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mutum a kan dogayen bidiyoyi, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, sannan a ba shi kashi 55 cikin ɗari. Kowane kallo kamar ƙwayar hatsi ne a mudunsa. To idan mutum ɗaya ya sauke shirin da wata manhajar waje, ya tura wa abokai ta Xender, su ma suka watsa a zaurukan WhatsApp, mutum ɗari za su kalla, amma mudun mai shi bai motsa ba. 'Yan Kannywood sun san wannan ciwon fiye da kowa. Kasuwar faifai ta mutu a gabansu, 'yan dawunlodin suka maye gurbinta: yaro ne da kwamfuta a ɗan shago, ka miƙa masa katin memori, ya cika maka shi da fina-finai a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Da yawa daga masu shirya fim sun koma sakin shiri mai dogon zango a YouTube don su tsira, sai ga shi an bi su har can.

Akwai hanyar da ba ta cutar da kowa. YouTube yana da maɓallin saukewa a cikin manhajarsa, bidiyon ya zauna a wayarka ka kalla ba da data ba, yana nan a ƙarƙashin tashar mai shi. A TikTok kuwa mai bidiyo ne ke da ikon buɗe saukewa ko rufe ta, kuma wanda aka sauke yana fitowa da sunansa yana yawo a jikin hoton. Wanda ya rufe, ya riga ya faɗi abin da yake so, ya kamata a bar masa abinsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne manhajojin da ake tallatawa da cewa suna goge wannan sunan. Me mai kallo a ɗakinsa zai yi da goge suna? Ba mai buƙatar haka sai wanda ya yi niyyar ɗora bidiyon a nasa shafin. Facebook cike yake da irin waɗannan shafuka: girkin wata, barkwancin wani, waƙar wani, duk an liƙa musu sabon tambari, ana tara mabiya da gumin wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na sha jin ana cewa, "Ai ilimi ne, yaɗa shi lada ne," musamman idan wa'azi ne. Malamai da dama suna ba da izinin a yaɗa karatunsu, wannan kam babu ja. Amma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa shi ba. Sannan ko inda aka ba da izini, cire asali yana da nasa sharrin. Sau nawa aka gutsuro daƙiƙa talatin daga karatun awa guda, aka jefa a gari babu kai babu gindi, mutane suka kwana suna zagin malami a kan maganar da ya kawo don ya warware ta? Da an haɗa da adireshin cikakken karatun, da mai son gaskiya ya koma ya ji da kunnensa.

Su ma masu yin bidiyo ina da roƙo a gare su, musamman masu koyar da sana'a: ku bar maɓallin saukewa a buɗe, ku kuma riƙa faɗin sunanku da bakinku a tsakiyar darasi, inda almakashi ba zai kai ba. Irin su ƙanwata ba su da wata hanyar samun ku. A zuwanta na ƙarshe na nuna mata yadda za ta tura wa yaran shagonta adireshin tashar matar nan maimakon fayil ɗin, kuma uku daga cikinsu sun bi tashar kafin ta kama motar komawa gida.