Hoton sama bai san saura ba

Jama'ar Gadarif, Sinnar da Maiwurno a Sudan, ku ba ni aron kunnuwanku.

Tun 1972 tauraron ɗan'adam na Amurka, Landsat, yake ɗaukar hoton ƙasa, daga 2008 kuma aka bar hotunan kyauta ga kowa. Na Turai, Sentinel-2, duk kwana 5 yake dawowa kan wuri ɗaya, kowane ɗigo a hotonsa kuma fili ne mai mita 10 a kowane gefe. Ke nan gonar riɗin bayan ƙauyenku tana ciki. Wani yana can a ofis yana shafa wa ƙasarmu launi: nan gona, nan daji, nan fili ba kowa. Wannan na ukun ne yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba raina fasahar nake yi ba. Jera hoton Gadarif na shekarun 1970 da na yanzu, za ka ga yadda manyan gonakin tarakta, waɗanda aka fara tun shekarun 1940, suka cinye dajin dakwara, suka matse burtali. Dattawa sun daɗe suna faɗa, ana cewa surutun tsufa ne. Yanzu ga hoto, ba mai musu.

Amma na'urar hasken da ganye ke mayarwa kawai take aunawa, har da wanda ido ba ya gani. Ba ta san mai gona ba. Saurar da aka bari ta huta, burtali a tsakiyar rani, da gonar da mai ita ya gudu ya bari a jihar Jazira saboda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, duk suna iya fitowa da launi ɗaya. Ranar da za a zauna rabon ƙasa da wannan taswira, wa zai tashi ya ce gonar wane ce?

Kore ma yana ruɗi. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Kasala labarin bishiyar miskit a yankin Gash. Daga sama shar yake, abin sha'awa. A ƙasa kuwa ƙaya ce da ta mamaye gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa, sare ta ma sai an haƙo saiwa.

Masu zana taswirar ba sa kammalawa sai an taka ƙasa an tabbatar musu: nan dawa ce, nan saura. Aikin nan waya mai GPS ta ishe shi, manhajar zana taswira ta QGIS kuma kyauta ce. Samarinmu da suka gama jami'a suna zaune (kuma suna da yawa, Allah ya kawo mafita) su ɗauki dattijon unguwa ɗaya su zaga iyakokin gonaki da burtali, su sa alama, su rubuta sunan wurin yadda muke kiransa, da ranar da aka zaga. A ajiye kwafi wurin mai unguwa, wani kuma a wayar mutum fiye da ɗaya.