An yi wa Baba aikin wuya, gashin hannu ya gagara

Wallahi yau raina a ɓace yake, kuma wannan karon ba zan haɗiye ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye bayan Ringim. Bara aka yi masa aiki a ƙashin wuya saboda lakarsa ta matsu. Shanun huɗarmu muka sayar, muka jinginar da fadama, kafin kuɗin ya cika. Ƙafafu sun dawo, alhamdulillahi, amma hannun dama ya saki tun daga kafaɗa. Ba ya iya kai loma baki. Ko kabbarar sallah sai ya tallafo shi da na hagu.

Likitan da ya yi aikin mutumin kirki ne, ya zaunar da mu ya yi bayani. Jijiya ta biyar ta wuya, wadda suke kira C5, ita ke ba naman kafaɗa da damtse ƙarfi, kuma takan yi rauni bayan irin wannan aiki. Yawanci tana farfaɗowa, amma sai an ɗauki watanni, don idan jijiya za ta sake tsirowa, abin da take ci a rana bai wuce kamar milimita 1 ba. Kafin ta iso, naman yana tsotsewa, kafaɗa tana sandarewa. Shi ya sa ya tura mu sashen gashin ƙashi: a riƙa motsa gaɓar, a kuma manna masa faci a fata, na'ura ta riƙa sakin 'yar wutar lantarki naman yana tsukewa yana saki. Ya ja kunnenmu, kada a yi fashi.

To kaf yankinmu ba mu samu inda ake yi ba, sai birnin Kano. Yau da asuba muka hau acaɓa zuwa bakin titi, muka shiga mota, kowane rami tsoho na dafe wuya, muka sauka 'Yankaba, muka ɗauki adaidaita zuwa asibiti. Na bi layi na biya, aka ba ni rasit. Muka zauna a benci har rana ta take.

Da na ga shiru, na je wurin matar da ke karɓar kati. Na yi sallama. Idonta na kan waya. Na sake yi.

"Hajiya, don Allah Baba ne, tun safe muke jira."

Ba ta ɗago ba. "Ba wuta."

"To janareto fa?"

"Ni ce mai zuba masa mai?"

Na danne zuciyata. Na ce ai mun biya, ga rasit, kuma daga Jigawa muke. Sai a lokacin ta ɗago, ta ƙare min kallo daga hula zuwa silifas, ta leƙa Baba, ta ce, "Ni na ce ku zauna a ƙauye? Ka ɗauke tsohon nan ku dawo wani makon. Ai hannun ba guduwa zai yi ba."

Tsohon nan! Mutumin da ya haifi wadda ta girme ta, ko Baba ba ta iya ce masa ba. Kuma hannun ba guduwa zai yi ba? Guduwa yake yi mana! Ni nake cire masa riga, ni nake ganin ƙashin kafaɗar yana ƙara fitowa kowane mako. Idan kun san ba wuta, me ya hana ku faɗa wa mai karɓar kuɗi ya daina karɓa? Can ba a taɓa ce mana mu dawo wani makon ba. Baba ya jawo hannun rigata da hagunsa, ya ce, "Ƙyale ta, ɗan nan, mu tafi." Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Amma ita ƙaramar alhaki ce. Waɗanda suka ɗora ta a teburin da ba wuta su ne abin tuhuma. Akwai irin wannan na'ura mai aiki da batir, girmanta bai wuce rediyon hannu ba. Jigawa ƙananan hukumomi 27 gare ta, Kano 44. A ce sayen na'ura da ajiye ma'aikacin gashi a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya gagari gwamnati? Jami'ar Bayero tana yaye masu wannan ilimi, yaranmu ne, wasu na zaune ba aiki, wasu sun tsallake Saudiyya da Ingila. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya har yau ba ta cika ba. A 2022 aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta dole, ku zo ƙauyenmu ku nuna min manomi ɗaya mai katin. A 2023 aka cire tallafin mai aka ce kuɗin zai dawo ga talaka, abin da ya iso mana kawai ninkin kuɗin mota.

Su idan wuyansu ya ƙage, Masar ko Indiya ko Jamus suke tafiya, da kuɗinmu. Masu shanyewar ɓarin jiki, da yaran da allura ta taɓa wa jijiyar ƙafa, da waɗanda suka faɗo daga babur, suna nan kwance a ɗakunan ƙauye, 'yan uwa sun gaji da hanya sun koma wurin mai tsaga da mai ɗori. Lokacin zaɓe kuwa ba rugar da ba ku san hanyarta ba, har akwati kuke kai mana a kan babur. Ku kawo mana na'urar gashi ta wannan hanyar.